Ranar da Sakatariya Ta Ce A'a

Shekara tara ke nan da ta bar aiki, amma har yau duk layin ba mai kiranta da wani suna sai Sakatariya, har da mijinta. Gajeriyar mace ce mai tabarau da igiya a wuya, wadda in ta zauna bayanta ba ya taɓa jikin kujera, kamar har yanzu manaja na iya leƙowa. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana buga takardu a ofishin wani kamfanin motocin dogon zango. Ta fara da tafireta mai ƙararrawa, ta gama da kwamfuta. Yatsunta dai ba wanda ya sanar da su an yi ritaya: ko hira ake yi, za ka ga suna motsi a kan cinyarta, suna buga abin da ake faɗa.

A ofishin nan ta samu miji. Wata rana wani direba ya iso da mota a makare har awa huɗu, manaja ya ce a buga masa takardar tuhuma, ya ba da amsa a rubuce cikin kwana biyu. Ita ta buga. Da ya zo karɓa, ya ɗaga takardar sama ya ce tunda yake ba a taɓa yi masa faɗa a layi madaidaici haka ba. Amsa dai bai rubuta ba har yau. Manaja ya manta, shi kuwa ya mai da bakin tagarta tasha, kullum wai ya zo tambayar yadda ake fara rubuta amsa. Sau biyu yana neman aurenta tana ce masa a'a. A na uku ta ce ya je ya ga babanta.

Aikin, wata dattijuwa ce ta koya mata, wadda suke kira Uwar Ofis, kuma dokokinta uku ne. Ta farko, duk saƙon da ya zo a karɓa, a shigar da shi rajista; sakatariya ba ta korar masinja, don ba ta san wanda ya aiko shi ba. Ta biyu, kowace takarda kwafi uku: na mai ita, na fayil, da na ko-ta-kwana. Ta uku ita ce Uwar Ofis ke faɗa da murya ƙasa-ƙasa: abin da ido ya gani a kan teburin nan, baki bai gani ba. Sakatariya ta buga takardun ƙarin girma, ta buga na kora. Takan san wanda za a sallama wata guda kafin shi ya sani, ta amsa gaisuwarsa kowace safiya, ba a taɓa jin ko tari daga bakinta ba. Direba yakan ce shi akwatin wasiƙa ya aura, ana jefawa ba a gani.

'Yarsu ɗaya ce tilo, tana aikin jinya a asibiti, kowa na ce mata Nas. Ita ta sayo kwamfutar gida da firinta a watan da uwar ta yi ritaya, don ta gaji da ganinta tana buga hirar mutane a cinya. Aka ajiye ta a kusurwar falo kusa da taga, aka yi mata mayafi mai ado. Ba a yi wata biyu ba layi ya gano. Mai gadin makaranta ya zo a rubuta masa neman canjin wurin aiki. Mai shagon kwana ya zo a rubuta wa mai gidan hayarsa kan rufin da ke yoyo. Wani tsoho ya zo a rubuta wa ƙaninsa da suka shekara goma ba sa ga maciji. Ba ta karɓar komai. Ta ce hannun da ya saba aiki in ya zauna ciwo yake yi. Da an yi sallama da takarda a hannu, Direba ya san dokar gida: sai ya ɗauki rediyonsa ya koma baranda.

Haka aka yi ta tafiya lafiya lau, har kwamfutar ta fara nauyi. Da farko ɗan jinkiri ne. Daga baya ta kai in Sakatariya ta kunna ta da safe, Direba zai ɗora buta, ruwa ya tafasa, ya haɗa shayi ya sha, ya ɗauraye kofi, sannan ta buɗe ido. Yakan kara kunne a jikin akwatin ya ji fankar tana gurnani, ya ce ya san wannan kukan, kukan motar da aka yi wa lodi ne ta zo hawan tudu. Ga kuma wasu 'yan akwatunan saƙo da ke faɗowa tsakiyar allo ana cikin aiki. Wani ya ce kwamfutarki na cikin haɗari, danna nan. Wani ya ce kin ci kyauta. Wani ya ce zai riƙa gaya mata yanayin gari. Kowanne na da wurin dannawa biyu, “Na yarda” da “A'a”. Sakatariya takan gyara tabarau ta karanta tun daga sama har ƙasa, ta jawo wani littafi daga durowa ta yi ɗan rubutu, sannan ta danna “Na yarda”. Saƙo ne ya zo, kuma ba ta san wanda ya aiko shi ba.

Wata Talata maƙwabciyarta Tela ta shigo. Mijinta ya rasu da daɗewa, da keken ɗinki ta raini ɗanta har ya tafi aiki wani gari. Da kanta ta tura ƙofar falon ta rufe, ta zauna ta jima tana murza bakin mayafinta. Likita ya ce yanar ido ce ta fara rufe mata idanu, duka biyun, sai an yi aiki. Tana so a rubuta wa asibitin ido a ba ta rana. Ba wanda ya sani, ko ɗanta. In masu kawo ɗinki suka ji, ta ce, wa zai miƙa yadinsa mai tsada ga telar da ba ta ganin kafar allura? Sakatariya ta buga, ta nemo adireshin asibitin a intanet, ta aika. Ta adana kwafi uku kamar kullum.

Washegari mai shago na zaune gefenta, ana wasiƙar rufi karo na huɗu, sai allon ya cika. Maganin yanar ido. Tabarau mai rahusa. Aikin ido cikin minti ashirin. Tana rufe ɗaya biyu na buɗewa. Mai shago ya yi dariya ya ce ashe idon Sakatariya ya fara. Ta ce masa tsufa ne, ba ya sallama. Ta ɗauki ciwon ta ɗora wa kanta, ta gama masa wasiƙarsa. Mutum biyu ne suka san maganar nan jiya, ƙofa a rufe. Yau ga na uku.

Da la'asar Nas ta biyo daga aiki, ko farin takalminta ba ta cire ba, ta miƙa wa uwar waya ta tambaye ta yaushe ta fara tallar maganin rage tumbi. Saƙo ne ya fita da sunan Sakatariya zuwa ga duk wanda ta taɓa rubuta wa. Nas ta ce tana gani ta san ba Mama ba ce: ba kwanan wata, ba gaisuwa, ba tambayar lafiyar yara. Direba ya shafa cikinsa ya tambaya ko maganin na aiki. Ba wanda ya kula shi.

Nas ta zauna gaban kwamfutar ta buɗe intanet, ta ga sandunan talla bakwai sun hau kan juna har shafin ya koma kamar kafar ƙofa. Ta yi wa uwar bayani a hankali, irin yadda take yi wa majinyata. Akwai manhajojin da ake kira na leƙen asiri. Suna shigowa da fuskar taimako, su laɓe, su riƙa kallon abin da mutum ke nema da abin da yake bugawa, suna aikawa waje. Ta tambaya ko Mama na danna “Na yarda” in abubuwan nan suka faɗo. Da ta ji amsa, sai ta dafe goshi.

“Mama, kwana goma nan gaba ina da hutu. Zan zo da kwali in ɗauke ta. In saya miki waya mai kyau, ki huta.”

“In da gaske wani na karanta abin da mutane suka faɗa min,” in ji Sakatariya, “gara ki ɗauke.”

Ta lulluɓe kwamfutar da mayafinta. Kwana biyu duk wanda ya yi sallama da takarda sai ta ce masa na'ura ba ta da lafiya. Shekara arba'in ba ta taɓa mai da mutum da takardarsa a hannu ba. Tana zaune a baranda a rana ta biyu, Direba na ba ta labarin wata gada da ruwa ya taɓa cinyewa a gabansa, labarin da ta ji ya fi sau ɗari, sai ya tsaya a tsakiya. Ta bi idonsa ta ga abin da yake kallo: yatsunta ne kwance a kan cinya, ko motsi. Ya kashe rediyo ya ce shi a saninsa ba a sayar da mota ga 'yan gwangwan kafin a kai ta gareji.

Garejin wani shago ne a ƙarƙashin matakalar wani bene kusa da tashar bas. Mai shi, wanda ake kira Injiniya, ya haura hamsin, mai sanƙo, kullum da tsinken sakace a baki. Da rediyo ya fara, ya koma talabijin, zamani ya turo shi kan kwamfuta. Ya saurari bayani yana gyaɗa kai, ya ce abu mai sauƙi ne: su kawo ta su bari, ya wanke ta tas, ya zuba mata komai sabo, su dawo bayan kwana uku. Sakatariya ta ce ba za a wanke ba, akwai takardun mutane a ciki. Kwamfutar ba za ta kwana a shagonsa ba, kuma ba zai kalli allon ba. Injiniya ya dubi Direba ya ce ko ungozoma ai sai ta kalla.

Direba ya ce ya taɓa lalacewa a daji da fasinja hamsin, makaniki na can gari, ta waya ya riƙa gaya masa abin da zai kwance har mota ta tashi. Injiniya ya zama baki, Sakatariya ta zama hannu, mene ne a ciki? Injiniya ya ce ba nan gizo ke saƙa ba. Manhaja ta fi ɗari a irin wannan kwamfuta, 'yan leƙen asirin kuma sunaye masu kyau suke sakawa. In ba a san abin da ya shigo da ranar da ya shigo ba, lalube ne a duhu.

“Kwanan wata kake so?” in ji Sakatariya.

Ta buɗe jakarta ta fito da littattafai uku masu kauri, an ja musu layi da jan biro. Injiniya ya buɗe na sama ya karanta a fili. Huɗu ga wata, ƙarfe tara da kwata, saƙo daga masu sa kwamfuta sauri, an karɓa. Sha ɗaya ga wata, an ce na ci kyautar waya, an karɓa, waya ba ta iso ba. Ashirin ga wata, masu sa kwamfuta sauri sun sake zuwa, an karɓa, ba ta yi saurin ba. Ya yi dariya har tsinken ya faɗi. Sannan ya daina, ya koma shafin farko ya bi a hankali da yatsa. Ya ce shekararsa ashirin a sana'ar nan, duk wanda ya kawo masa kwamfuta rantsuwa yake yi bai taɓa komai ba, da kanta ta lalace. Yau ne ya fara ganin wanda ya buɗe wa ɓarayi ƙofa kuma ya rubuta sunan kowanne da lokacin shigarsa. Gobe da safe zai zo gidan.

Ya zo ƙarfe takwas. Abin da ya fara yi shi ne zare wayar intanet, ya ce ana rufe ƙofa kafin a fara kamun ɓera. Suka fitar da akwatin baranda, ya kwance murfin, ya hure ƙurar shekara tara da ta daskare a fankar kamar auduga, Direba na atishawa yana cewa wannan ko matatar iskar tirela sai haka. Da aka mai da ita aka kunna, Sakatariya ta juya masa kujera ta fuskanci taga, ta ɗora masa rajista a cinya. Haka Injiniya ya zauna, ya ba kwamfuta baya, yana kallon igiyar shanya.

Ya gaya mata inda za ta shiga ta ga jerin duk manhajojin da ke ciki, ya ce ta jera su bisa ranar shigowa. Sai ta riƙa karanto suna da kwanan wata da muryar kiran sunayen ma'aikata, shi kuma yana nema a rajista. Wadda ta zo tare da kwamfutar ko firinta, ya ce bari. Wadda ranarta ta yi daidai da wani “an karɓa”, ya ce kora. Direba ya jingina da ƙofa ya naɗa kansa kwandasta: da ya ji “kora” sai ya ce a sauke shi, ba shi da tikiti.

Ta farko da aka zo kora ita ce ta masu sa kwamfuta sauri. Sakatariya ta danna cirewa, sai ga ɗan akwati ya faɗo, da ladabinsa. Ya ce ko ta tabbata? Ya ce sun daɗe tare, in ta rabu da su ba mai kare ta. A ƙasa ga “Na yarda ku zauna” da manyan haruffa a koren gida, ga “A'a” can gefe, ƙarama, toka-toka. Ta karanta sau biyu. Hannunta na kan linzamin kwamfutar, ya ƙi dannawa.

Injiniya ya ji shirun ya yi yawa, ya tambayi taga ko lafiya.

“Roƙo yake yi,” ta ce. “Masinja ne fa.”

“Hajiya, masinja ajiye saƙo yake yi ya tafi. Wannan wata takwas yana zaune ƙarƙashin teburinki yana kwafar aikinki.”

Ta tuna Tela tana tura ƙofa da hannunta, tana murza bakin mayafi.

“Ni dai sau biyu kika ce min a'a,” in ji Direba daga bakin ƙofa, “ban ga hannunki ya yi rawa ba.”

“Kai ai na san wanda ya aiko ka,” ta ce, ta danna.

Ta biyu ta fi sauƙi. Kafin rana ta take sun kori ashirin da uku, har Sakatariya ta fara gane su tun kafin Injiniya ya buɗe baki, ta ce duk wanda sunansa ya cika alkawari ba shi da gaskiya. Suka sauke sandunan tallan nan bakwai ɗaya bayan ɗaya, shafin intanet ya buɗe kamar an ɗage labule. Suka hana tarin manhajojin da ke tashi tare da kwamfutar kowace safiya ba gaira ba dalili. Sannan ya miƙo mata filas, 'yar na'urar ajiyar bayanai, ta bayan kafaɗarsa, mai ɗauke da manhajar bincike da ya yarda da ita. Ta yi awa guda tana bin lungu-lungu, ta tono wasu huɗu da babu su a jeri, babu su a rajista. Ya ce waɗannan su ne suka biyo bayan waɗanda ta buɗe wa ƙofa, ba su ko yi sallama ba. Da aka mai da intanet aka zo canza kalmar sirrin imel, ta ce duka su biyun su fita baranda.

Da suka dawo ta tambaye shi abin da ke cinta tun ranar Laraba: shin wani mutum ya karanta takardun nan? Injiniya ya cire tsinke daga baki. Ya ce galibi na'ura ce ke tsintar kalmomi don a turo talla, kuma sun ɗauke kalmar sirrinta, shi ya sa saƙo ya fita da sunanta. Ko wani ɗan Adam ya zauna ya karanta, ba zai rantse ya ce eh ba, ba zai rantse ya ce a'a ba. Yana haɗa kayansa ya tambaye ta me ya cinye wurin ajiya haka, don lambar da ta karanto masa ta nuna saura ƙiris ta cika. Ta ce takardu ne, kowace kwafi uku, tun ranar farko. Ya tsaya da jaka a hannu. Ya ce wannan ba aikinsa ba ne, amma ɓarawo ba ya ɗaukar abin da babu a ɗaki.

Ta wuni da maganar nan. Da yamma tana share baranda, maƙwabta suka kunna shara a bayan katanga, hayaƙin ya bugo ta, sai ga wani abu ya dawo mata. Duk ƙarshen shekara Uwar Ofis takan kira ta, su ɗauki tsofaffin takardun sirri su kai bayan gareji inda wata tsohuwar ganga take. A ƙona su a gaban shaida, a tsaya har sai sun zama toka, a juya tokar da sanda. Uwar Ofis ba ta taɓa lissafa wannan cikin dokoki ba, don shiru ake yinsa. Sakatariya ta kwaso dokoki uku ta kawo gida, ta baro gangar a can.

Washegari ta saka takalmin fita ta bi layin gida-gida. Duk mai takarda ya zo, ta buga masa kwafi ɗaya a firinta in yana so, sannan a gabansa ta goge ukun, ta zubar da kwandon shara. Mai shago ya ce a buga masa duka huɗun, rufin na nan na yoyo. Tsohon nan, wanda tuni suka shirya da ƙaninsa har suna zuwa kasuwa tare, ya karanta wasiƙarsa ta shekara shida da ta wuce, ya kai tsakiya ya tambaya wai shi ya faɗi wannan? Ya ce a goge maza kada firinta ma ta gani. Waɗanda suka tashi daga layin da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Direba ne ya tsaya musu shaida, a kujerar Injiniya, yana kallon igiyar shanya.

Sakatariya ta bar Tela sai ƙarshe. Ta rufe ƙofa, ta gaya mata komai: tallan da suka cika allo, dariyar mai shago, amsar da ta ba shi, da abin da Injiniya ya ce ba zai rantse a kai ba. Ba ta rage ba, ba ta ƙara ba. Ta ce laifinta ne, ita ta buɗe ƙofa.

Tela ta tambaya ko akwai wanda ya sani a layin. Sakatariya ta ce babu. A layin nan ita ce mai ciwon ido.

“Shi ya sa jiya matar mai shago ta ce in daina ba ki zare ki saka min a allura,” in ji Tela, dariya ta kuɓuce mata, ta goge ido da bayan hannu.

Sakatariya ta ce wa Tela ta goge wasiƙar da hannunta. Tela ta kama linzami ta matso da fuska dab da allo, kibiyar na yawo ta kasa samun wurin. Sakatariya ta ɗora hannunta a kan nata ta kai ta, suka danna tare. Ta tashi za ta lulluɓe kwamfutar, Tela ta riƙe mata zani.

“Yaya, zauna. Tunda baƙin da ban sani ba ma sun ji, ɗana bai kamata ya zama na ƙarshe ba. Rubuta masa.”

Sakatariya ta zauna, bayanta bai taɓa kujera ba. Ta saka kwanan wata a sama.

Ranar da kwana goma suka cika Nas ta zo da kwalinta. Uwar ta ɗage mayafi ta ce ta kunna. Direba ya tashi ya ɗauki buta. Bai kai ga ƙyasta ashana ba kwamfutar ta buɗe, shiru, ko gurnani babu. Ya dawo da butar a hannu yana ƙorafi wai an raba shi da lokacin shayinsa. Nas ta shiga nan ta shiga can, ta duba jerin manhajoji, ta buɗe intanet, ta leƙa inda takardu suke ta tarar da fili fetal. Ta saurari labarin kujerar da aka juya da rajista, tana cije leɓe kada ta yi dariya. Amma ta ce gyara ba shi ne damuwarta ba. Wata uku nan gaba za a koma gidan jiya.

Tana cikin faɗa, wani shafi da ta buɗe ya jefo ɗan akwati. Ya ce albishir, an zaɓe ki. Nas ta ɗauke hannunta daga linzami, ta matsa gefe.

Sakatariya ta gyara tabarau ta karanta tun daga sama har ƙasa. Ta jawo rajista ta rubuta kwanan wata da lokaci. Ta nemo ƙaramar “A'a” a inda suka ɓoye ta, ta danna. Nas ta leƙa littafin ta ga abin da aka rubuta a layin ƙarshe: ba a san wanda ya aiko shi ba, an mai da shi.

Kwalin dai da tsofaffin jaridun Direba ya fita daga gidan.

Bayan Nas ta tafi, Direba ya zo ya tsaya bayan kujera ya ce yana da ƙorafi. An kira kowa a layin nan an ba shi takardarsa, shi ba a kira shi ba, alhali ya hango wani fayil guda da ya rage a kusurwar allo, kuma ya san lambar motar da ke jikinsa. Takardar tuhumar nan ce. Tun shekarar da aka kawo kwamfutar ta sake buga ta daga tsohon kwafin da ya fara cin kansa.

“Wannan ba ta goguwa, Malam,” ta ce, ba ta ko juyo ba. “Ba a rufe fayil sai an kawo amsa.”

Ya ce to yaya ake farawa? Kafin ta ba shi amsa aka yi sallama a ƙofa, muryar mai gadin makaranta, da takarda a hannu. Direba ya ɗauki rediyonsa ya nufi baranda.